Kuloci ne ko canki-canka? Muhawara kan babur mai jijjiga

Mai Jan Babur: Jama'a, raina a ɓace yake. Wata uku ke nan babur ɗina yana jijjiga. Da na wuce gudun kilomita 60 sai madubi ya kama rawa har ba na gane abin da ke bayana, tafin hannuna kuma ya mutu kamar na kwana a kansa. Na kai gyara, maigidan bai ko tashi daga benci ba, ya turo min yaronsa. Yaron ya murɗa totur sau biyu, ya ce kuloci ne. Aka canza filet, wato farantan kuloci, aka juye baƙin mai. Yau jijjigar tana nan daram, ga kuma sabon ciwo: in na hau tudu a giya ta huɗu, inji ya yi ta kuka amma babur ba ya ƙara gudu. Ni na ce kuloci ba ya kawo jijjiga, kuma yawancin masu gyara canki-canka suke yi da aljihunmu. Wanda ya musa ya fito.

Tsohon Bakanike: Canki-canka? Ɗana, tun kafin ka san hawan keke nake riƙe da sifana. Ka janye wannan kalmar tukuna, sai mu yi maganar babur ɗinka.

Mai Jan Babur: Baba, da girmanka, ba zan janye ba. Wanda bai hau babur ya gwada ba ya yanke hukunci, me ya yi in ba canka ba?

Ɗan Koyo: Yallaɓai, mu da muke wuni a ƙarƙashin inji mun san kunne ma ma'auni ne. Maigidana daga nesa yake jin ƙarar boris da ya mutu, kuma in an buɗe haka ake tararwa. Wannan ƙwarewa ce.

Direban Dare: In an buɗe an samu, a ce ƙwarewa. In ba a samu ba, a ce kayan ne jabu. To yaushe ne laifin zai zama naku?

Malamin Fasaha: Ku dakata. Mai babur, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ka kai gudun da jijjigar ke tasowa a hanya mai kyau, ka matse kuloci, ka saki totur. In ta ɗauke nan take, daga inji take ko daga inda aka ɗaure shi. In ta ci gaba, ka duba taya, da wili ko ya lanƙwashe, da sarƙa. Sannan ka kafe babur a tsaye, giya a furi, ka murɗa totur a hankali kana dafe da firam. Notin da ke riƙe inji in ya kwance, haka yake sa babur duka ya ɗauki rawa. Inji mai silinda ɗaya dama ba ya rabuwa da 'yar karkarwa, amma ba ta kai ta kashe hannu ba. Maganarka kuwa rabinta gaskiya ce. Kuloci yana iya sa babur ya riƙa fizga lokacin tashi, in farantan ƙarfen cikinsa sun karkace ko bakin kwandon da suke zaune a ciki ya yi tsaga-tsaga. Amma a tsakiyar gudu, bayan ka sake shi gaba ɗaya, da wuya ya zama shi ne.

Tsohon Bakanike: Malam, duk wannan mun sani. Ba shi muke magana ba. An kira mu 'yan canki-canka a gaban yaranmu.

Direban Dare: In kun sani, me ya hana a yi masa gwajin kafin a kwance masa inji?

Mai Kayan Gyara: Ni tambaya ɗaya gare ni. Wane baƙin mai aka zuba? In na mota ne, an gama magana. Kulocin yawancin babura a cikin baƙin mai yake wanka, man mota da yawa kuma ana sa masa sinadarin rage gogayya, sai filet ya riƙa santsi. Shi ya sa Japan ta fito da ma'aunin JASO na man babur a 1998. Ka duba bayan robar man, in ba ka ga alamar JASO ta MA ko MA2 ba, kada ka zuba.

Direban Dare: Shekara shida ina zuba man mota a nawa, ko tari bai taɓa yi ba. Kai dai kana neman kasuwa.

Mai Kayan Gyara: Naka ne kaɗai babur a duniya? Ka buɗe shi mu ga launin farantan, in ba su yi shuɗi don zafi ba ka dawo ka zage ni.

Ɗan Koyo: Kuma wa ya san inda aka sayo filet ɗin? Mutum ya kawo mai araha da hannunsa, in ya ƙone ya ce mu ne.

Mai Jan Babur: Ban kawo komai ba, ƙanena. Su suka sayo, kuma a gabana yaron ya zaro filet ɗin daga kwali ya jera a bushe.

Malamin Fasaha: To ga wani abu. Sabon filet sai an jiƙa shi a baƙin mai kafin a sa. Kuma ka taɓa hannun kulocin: yana da ɗan sako-sako kafin ya fara tauri? Littattafan babura da yawa suna cewa milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. In an ɗame wayar kulocin babu wannan sako-sako, kuloci ba ya gama kamawa, santsin da kake ji a tudu ke nan. Sifirin da ke matse farantan ma in sun gaji haka suke yi.

Tsohon Bakanike: Jiƙa filet kowane yaro ya sani. In wani ya yi sakaci, shi kaɗai za a kama, ba a haɗa mu duka a ce canki-canka.

Direban Dare: Ai "yawanci" ya ce, Baba, bai ce duka ba.

Tsohon Bakanike: Yawanci nawa ne? Ya ƙirga mu?

Shugaban Zaure: Zan rufe nan. Na yi shekaru ina hulɗa da masu gyara, ban ga abin da ake faɗa a kansu ba. Abin da na fahimta: mai babur ya yi saurin fushi, kalmar da ya yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma an nuna kuloci yana iya kawo jijjiga. Matsalar santsi daga mai ne. Ya ba Baba haƙuri, ya koma wajen mai gyaransa.

Mai Jan Babur: Shugaba, ba haka Malam ya ce ba. Yanzu na fita da tocila, hannun kulocin a ɗame yake tam, noti ɗaya na ƙasan inji kuma da yatsa nake juya shi.