Tsohuwar bindigar tiraf mai baki ɗaya: wa ya taɓa saye ya gyara?

Baban Khalifa (Kolombus, Ohayo)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani dattijo a kulob ɗin harbin da nake zuwa, kafaɗa ta fara damunsa, yana so ya rabu da bindigarsa. Ithaca ce mai baki ɗaya, samfurin Knick, daraja ta 4E, geji 12 (awon faɗin bututu), tsawon baki inci 32. Ga wanda bai san wasan tiraf ba: mutum biyar ne ke jeruwa yadi 16 a bayan wani ɗan ɗaki mai na'ura, wanda layi ya zo kansa ya kira, na'ura ta wurgo faifai, ya harba sau ɗaya. Faifai biyar a kowace matsaya, matsaya biyar, 25 ke nan zagaye guda. Shi ya sa baki ɗaya ya wadatar.

Zanen da ke jikin ƙarfenta yana nan sarai. Amma ƙotar ta yi baƙi ƙirin inda ta haɗu da ƙarfe, robar kafaɗa ta bushe ƙamas, baƙin bututun kuma ya koɗe. Raina ya biya, ba na ɓoyewa. Me zan duba kafin in biya kuɗi, kuma in na saya in sabunta ta gaba ɗaya ko in bar ta haka?

Kawu Sani (Sent Luwis)

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka faɗa hannu mai kyau. Kamfanin Ithaca ya fara irin wannan bindiga a 1914 da samfurin Flues, sai Knick ta gaje ta a 1922, da sunan Frank Knickerbocker wanda ya tsara ta. Lambar Knick daga 400,000 take farawa, don haka fara duba lambar, ka tabbata ita ce a kan bututu da jiki da katakon gaba. Idan sun saɓa, an yi mata haɗe-haɗe, kuɗinta ya sauka.

Kyan fuska kada ya ɗauke maka hankali. Cire katakon gaba, ka riƙe ƙota ka girgiza. Idan ka ji bututu yana motsi ko kaɗan, hinji ya ci, kuma gyaransa aikin maƙerin bindiga ne, ba naka ba. Dubi hannun buɗewa na sama: idan ta rufe yana ɗan karkace dama, da sauran rai a makullin, idan ya wuce tsakiya ya koma hagu, ta sha harbi. Irin waɗannan bindigogi ba na ajiya ba ne, akwai wadda ta yi shekara sittin tana fita kowace Asabar.

Sannan ka zare bututun, ka rataye shi a yatsa, ka ɗan ƙwanƙwasa da katako. Amo mai tsawo kake so. Idan ya yi "bus", gadar saiti da ke kan doronsa ta fara rabuwa a wani wuri. Ka leƙa ciki a haske don ramukan tsatsa da lotsawa, ka kuma sa a auna ɗakin harsashi, domin wasu tsofaffin bindigogin Amurka nasu bai kai inci 2¾ na yau ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi komai: tambaye shi wace irin kunama ke ciki. Tsofaffin 'yan tiraf da yawa, idan hannu ya fara zabura, sukan sa a mayar musu da kunamar saki. Ka ja ba ta tashi, sai ka sake ta. Yawanci sukan liƙa alamar R a ƙota, amma takarda tana ɓarewa. Ga shi galibin bindigogin tiraf masu baki ɗaya ba su da maɓallin tsaro, tunda ba a sa harsashi sai layi ya zo kanka. Ka gwada da harsashin roba kafin na gaske.

Ɗan Damagaram (Baltimo)

Kawu ya gama magana a kan ƙarfe, Allah ya ƙara girma. Ni katako zan taɓa, don tawa L.C. Smith ce, ƙirar Hunter Arms ta garin Fulton a jihar Niyok, kuma baƙin da Baban Khalifa ya ambata shi na tarar.

Wannan baƙin ba datti ba ne, mai ne. Mutanen da suna zuba wa ƙarfe mai su jingine bindiga baki sama, shekara da shekaru yana gangarawa cikin katako har ya yi laushi. Kan ƙota kuwa shi ke karɓar naushin kowane harbi. In ya jiƙe sai ya tsage. Saboda haka wannan ba kwalliya ba ce da za a ce a bari, gyara ne na dole.

Abin da na yi: na kwance ƙotar, na jiƙa kanta a asiton, a waje, nesa da wuta, da safar hannu. Ruwan ya koma ja-ja-ja. Bayan ta bushe na kwaɓa garin alli da asiton na shafe wurin. Allin yana tsotso man, ya koma rawaya, ka goge ka sake. Makonni ya ɗauka, domin duk sanda ka ce ka gama, ka ajiye ta a wuri mai ɗumi sai ka ga wani man ya sake tsatso. Da katakon ya yi haske sai ga wata siririyar tsaga da baƙin ya ɓoye. Na buɗa ta kaɗan na ɗura gam ɗin ifoksi, na ɗaure da robar tayar keke har ya kama.

Lotsawa kuma ba samfefa ake sa mata ba. Jiƙaƙƙen ƙyalle ka ɗora, ka danna dutsen guga mai zafi, tururi ya ɗago ta. Samfefa daga lamba 320 zuwa 400 ta isa, kuma a naɗe ta a ɗan katako, kada gefuna su zagaye. Kusa da ƙarfe kada ka taɓa sam. A masana'anta ana barin katako ya ɗan fi ƙarfe tudu. Idan ƙarfe ya fi shi, duk mai ido ya san an ci ta da samfefa. Wurin sassaƙar riƙo na rufe da tef, daga baya na wanke shi da tsohon buroshin haƙori.

Man linsid dafaffe na shafa da tafin hannu, ɗigo kaɗan, a bar shi ya bushe sosai kafin a ƙara. Wasu Tru-Oil suke sawa, ya fi saurin bushewa, amma ƙyallinsa ya yi mini yawa a kan katakon walnot da ya girmi mahaifina. Ƙyallen da ka goge linsid da shi kada ka dunƙule ka jefa kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. Shimfiɗa shi a waje ko ka nutsa shi a ruwa.

Alhaji Mai Parker (Hartfod)

Ni fa duk wannan jiƙe-jiƙen ba ya kwanta mini. Tawa Parker SC ce, ƙirar Meriden nan kusa da ni, tun kafin Remington ta sayi kamfanin a 1934. Ban taɓa sa mata komai ba sai ƙyalle da ɗan mai. Da tsohuwar zuma ake magani. Masu tara irin waɗannan bindigogi asali suke saye, koɗewar nan da kuke gani aibi su shi suke biya. Ranar da ka sabunta ta, ranar kuɗinta ya faɗi, kuma ba ya dawowa.

Ɗan Damagaram

Ranka ya daɗe, taka a kabad take kwana. Tasa filin harbi za ta je. In kan ƙota ya fashe wane mai tarawa ne zai saya?

Alhaji Mai Parker

To, na yarda a cire mai a ɗinke tsaga. Amma a tsaya nan.

Injiniya Bashir (Hustan)

A kan ƙarfe ina bayan Alhaji, kuma ina da dalili. Wadda na saya wani ya riga ya sake mata baƙi kafin ta zo hannuna, ta hanyar tsoma bututu a tafasasshen gishirin kostik, mai zafin wajen digiri 140 na Salsiyos. Wannan hanya ta dace da bindigogin zamani. Tsofaffin kuwa da dalma aka liƙa gadar saitinsu, kostik kuma yana cin dalma. A hoto tana sheƙi. Lokacin zafi, bututu ya ɗau wuta ana tsakiyar zagaye, sai na ga gada ta ɗaga daga gaba, ga wani farin gari yana fitowa ta ƙarƙashinta. Kuɗin sake liƙawa da sake baƙin ya kusa kamo abin da na biya a bindigar.

Idan dole sai an yi, baƙin tsatsa za a yi. A wanke maiƙo tas, a shafa ruwan magani, a bar bututu ya yi jar tsatsa siririya, a tafasa shi a tataccen ruwa ta koma baƙa, a goge da lallausan buroshin waya, a maimaita har launi ya kai yadda ake so. Zafinsa bai wuce na tafasar ruwa ba, dalma ba ta jin komai. Jikin da ke da zane kuwa a bar shi. Duk wanda ya sa injin gogewa a kan zanen 4E ya shafe aikin hannun da ba za a sake samu ba, haruffan ma sai su yi faɗi su dushe.

Maman Iman (Indiyanafolis)

Sannunku da ƙoƙari, amma har yanzu ba wanda ya tambayi Baban Khalifa ko bindigar ta zauna masa a kafaɗa. Ni Browning BT-99 nake harbawa, ta farko-farko, wadda kamfanin Miroku na Japan ya ƙera. A 1969 aka fara yin ta, kayan gyaranta ba wuya, kuma ba wanda zai yi kuka don an yanke mata ƙota. Tawa an rage tsawon, an kuma ɗaga wurin kunci, domin an yi ta ne da awon ƙaton namiji. Kafin haka kuncina yakan kumbura, faifai kuma yana wucewa lafiya lau.

Yaya, ka roƙi dattijon ya bar ka ka kai ta allon gwaji. Ka zana da'ira mai faɗin inci 30, ka ja baya yadi 40, ka harba tsakiya. Bindigar tiraf sama take harbi da gangan, saboda faifan yana tashi ne lokacin da kake binsa. Wata kashi 60 na ƙwayoyin suna sama da tsakiya 40 a ƙasa, wata 70 da 30. In ba ka san taka ba, za ka riƙa rufe faifai da baki kana harbin iska. Ana so ka gan shi zaune a saman ɗigon saiti sannan ka ja.

Kuma waɗannan tsofaffin matsin bakinsu cikakke ne, an yi su ne har da masu tsayawa can baya. A yadi 16 ba ta yafiya: in ka samu, faifai ya zama hayaƙi, in ka kauce kaɗan ba ko ɓalli. Kada ka bari wani ya zuga ka a buɗe bakin.

Ɗan Zango (Buronks)

Ikon Allah. Ni a Kumasi na tashi, baki ɗaya da na sani ita ce ta masu farautar gafiya da gada, mara nauyi, a rataya a kafaɗa a shiga daji. Ashe wannan wata aba ce daban. Tambayata biyu. Mai katin zama zai iya saye? Kuma mutum zai iya tafiya da ita gida?

Injiniya Bashir

Daban ce ƙwarai, Malam. Wannan ta haura fam takwas, nauyin ne ke shanye naushi, ba a yawon daji da ita. Mai katin zama na dindindin zai iya saye a dokar tarayya: a shagon dila mai lasisi za ka cike fom 4473, a bincika sunanka a NICS, tsarin gwamnatin tarayya na tantance masu sayen bindiga. Mai bizar karatu ko ziyara an hana shi, sai da wasu togaciya kamar lasisin farauta. Jiha da birni kuma kowa da nasa. Kai da ke birnin Niyok sai ka fara samun izinin doguwar bindiga daga 'yan sanda, a Ilinoi kuma sai da katin FOID, wato katin shaidar mai riƙe bindiga na jihar. Maganar kai ta gida, ka cire ta a ranka in ba ka da takardar fitarwa daga nan da lasisi daga can. Sa ta a kwantena cikin kaya hanyar kurkuku ce.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na saya. Lambobi sun dace, bututu ya yi amo, kunama ta ja ce, maƙeri ya auna ɗakin harsashi ya ce inci 2¾ ne. Hannun buɗewa yana tsakiya daidai, ya ce zai kai ni wani lokaci amma in riƙa lura.

Ƙarfe ban taɓa ba, Alhaji ya kwantar da hankalinsa. Ƙotar tana cikin alli yanzu. Kafin in kwance ta na kai ta allo kamar yadda Maman Iman ta ce, kuma sama take harbi fiye da yadda na saba. Zagayen farko na sha kunya a matsaya ta ɗaya da ta biyar, inda faifai ke tsere wa gefe. Da na daina ɗaga kai daga ƙota, na bar faifan a saman ɗigo, sai abin ya fara zama. Roba ce ta rage. In sa irin ja ta da, ko ta zamani mai laushi?

Kawu Sani

Sa mai laushi, ka ajiye tsohuwar a leda da kusoshinta, duk wanda zai gaje ta ya same su. Sai dai kada a yanke katako don a daidaita sabuwar, robar za a sassaƙe ta bi ƙota.

Harsashi kuma mara ƙarfi: dalma oza 1 ko 1⅛, lamba 7½ ko 8, gudun ƙafa 1,145 zuwa 1,200 a daƙiƙa. Dokar ATA, ƙungiyar da ke kula da gasar tiraf, ma ba ta yarda a wuce oza 1⅛ ba. Ƙwayar ƙarfe kada ta shiga wannan bakin, tana iya kumbura shi. Ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci ko Khalifa, dalma ba wasa ba ce. In ka jingine ta, baki ƙasa, kada man ya koma inda kuke wahalar fitar da shi.

Gasar Grand American, babbar gasar tiraf ta Amurka, a jiharku ta Ohayo ake yin ta da, a Vandalia, daga 1924 har 2005, kafin a mayar da ita Sparta ta Ilinoi, ɗan tuƙi kaɗan daga gidana. Watan Agusta ne. Akwai maƙera da masu tsofaffin kayan gyara da ke buɗe rumfuna a wurin, ka zo da ita mu nema mata allurar harbi da sifirin na ajiya, a kuma sake duba maka hannun buɗewar nan. Masauki yana wuyana.