Musayar Baituka: Ɗan Kifi Marar Ɓawo

Mai Fatsa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kan kifin galaksiyas na buɗe fage, amsa-amo "wa". Mai baiti ya karɓa.

Ɗan kifi ne ba ɓawo a jikinsa,
Fata sumul, tana sheƙi a ruwa.
Ɗigon bayansa tamkar galaksi, tarin taurari,
Daga nan sunansa ya samu fitowa.
Niyuzilan, Ostareliya da Cile,
Har Afirka ta Kudu yana da 'yan'uwa.
Rafin sanyi ne gidansa tun asali,
To me ya sa yau yake ta raguwa?

'Yar Rafi:
Yaya Mai Fatsa, ga amsar tambayarka:
Baƙo ne ya zo da rakiyar Turawa.
Kifin turawut ke nan, a shekarar 1864
Ƙwansa ya isa Tasmaniya, tsibirin Ostareliya, don kiwatawa.
Masu fatsa na son shi don nishaɗi,
Shi ko ɗan gida yake ta haɗiyewa.
Ɗan gida ya gudu saman gangaren dutse,
Can inda baƙon bai iya hawa.

Dattijo:
Madalla 'yata, amma da saura.
Akwai wani galaksiyas, inanga, haka Mawori 'yan asalin Niyuzilan ke cewa.
Sai teku ta tumbatsa ta hau gaɓa,
Uwa ta zuba ƙwai a gindin ciyawa.
Ruwa ya janye, ƙwan na nan a tudu,
Danshi kaɗai ke hana shi bushewa.
Tumbatsa ta dawo, ya ƙyanƙyashe,
Wata shida 'ya'yan na teku kafin dawowa.
In shanu sun tattake wannan gaɓar,
Ina uwa za ta je ta yi haihuwa?
Ga raga na jiransu a bakin kogi,
Ga kwalbati ya tare hanyar wucewa.

'Yar Rafi:
Baba, a yi shinge, a bar ciyawar ta tsaya,
A gyara kwalbatin su samu haurawa.

Mai Fatsa:
Ƙanwata, wallahi kin sosa mini zuciya,
Tafkin Pedda na Tasmaniya nake ta tunawa.
A 1972 madatsa ta shanye shi,
Baƙin kifaye suka shigo da yawa.
Galaksiyas ɗin tafkin ya kusa ƙarewa,
Aka tsamo 'yan kaɗan don kuɓutarwa.
Tafkin Oberon aka kai su, can suke,
Gidansu na fari ba su sake komawa.