Neman taimako: man kanumfari ya hana ni karanta sakamakon gwajin bakteriya

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jidda, kuma mako uku ke nan aikina ya tsaya cik a kan gwajin man kanumfari, wanda na tatso da tururi daga kanumfarin da na saya a kasuwar Balad, domin in auna ƙarfinsa a kan ƙwayoyin bakteriya iri biyu, Staphylococcus aureus da Escherichia coli.

Da farko na ɗiga man a kan 'yar takarda mai faɗin milimita 6 a farantin agar na Mueller-Hinton (daskararren abincin da ake rainon ƙwayoyin a kansa), na ajiye a zafin digiri 37 na awa 24. Da'irar da ƙwayoyin ba su tsiro ba a kewayen takardar ta fito a karkace, yau milimita 14, gobe 22, alhali kwalbar mai ɗaya ce. Ina zargin man ba ya ratsa agar saboda ba ya jituwa da ruwa, kuma wani sashensa yana tashi sama, domin ƙamshinsa yakan cika injin ɗumama.

Sai na koma gwajin cikin ruwan raino, na narka man da Tween 80, sinadarin da ke haɗa mai da ruwa. Nan ma ruwan ya yi fari kamar an zuba madara tun kafin in sa ƙwayoyin, har ban iya bambance gurɓacewar mai da yaɗuwar bakteriya. Da na ƙara DMSO, wani sinadarin narka mai, ruwan ya washe, amma ƙwayoyin da ban sa wa mai ba su ma suka raunana, wato gwajin ya ɓaci.

Malamai masana, idan na sa rinin resazurin, wanda ƙwayoyi masu rai ke sauya wa launi, zan iya dogara da sauyawar launinsa daga shuɗi zuwa ruwan hoda wajen gano mafi ƙarancin man da ke hana ƙwayoyin yaɗuwa? Na gode.