Abin da aka tattauna kan hoton fuskar wasan bidiyo

'Yan uwa masu ƙera wasanni a nan Jidda da Riyad, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu:

1. Kusan kowa ya yarda a fara ƙanƙanta hoton kafin a yanke masa hukunci. Mai saye a waya yake ganinsa, yana wucewa da yatsa. In sunan wasan bai karantu a ƙaramin hoton Steam (kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet) ba, a sake yin hoton.

2. Hoton ya nuna irin wasan: tsere, yaƙi ko ƙwallo.

3. Tun Satumban 2022 Steam ta hana sa makin masu sharhi, lambar yabo ko tallar rangwame a kan hoton. Google Play kuwa tana son babban hoto mai girman pixel (ɗigon hoto) 1024x500.

4. An rabu kan rubutun Larabci. Wasu na so a yi hoto daban, tunda ido daga dama yake fara karatu. Wasu sun ce tambari ɗaya ya wadatar. Ni dai ina tare da na farko.

5. Kan shigar jarumai mata, mafi yawa sun ce a suturta su, don kasuwar Saudiyya.