Rigimar kuɗin 'yan kadet: shawarwarin da aka bayar a Jos

Malamai, iyaye da tsofaffin 'yan kadet sun tattauna a Jos kan rigimar da ke tashi duk shekara a ƙungiyar kadet, wato ta ɗaliban da ke koyon fareti da horo irin na soja a makaranta: kuɗi kaɗan, buƙatu da yawa. Manyan ɗalibai na son sabon kaki da ganguna don faretin 1 ga Oktoba, ƙanana kuma sun fi son zuwa sansanin horo a Dutsen Shere da ke kusa da Jos.

Shawarar da ta fi karɓuwa, ni ma ita na fi gamsuwa da ita, ita ce kada kwamanda ya riƙe kuɗi. A filin fareti ƙarami ba ya musu da na gaba, amma in aka kawo wannan ɗabi'a wajen lissafi, yaro zai haɗiye ƙorafinsa har ya zama gaba. A naɗa ma'aji daban, malamin ƙungiyar ya sa hannu kafin a fitar da ko sisi, kowane rasit kuma a manna shi a littafi.

Wani tsohon soja ya ce a jera buƙatu tun kafin a karɓi kuɗin kowa: abinci, magani, mota, sai bargo, don duk wanda ya kwana a tanti cikin sanyin Disamba a Jos ya san amfaninsa. Kaki na iya jira, a yi faci a wanke a goge.

Iyaye sun nemi a riƙa karanta lissafi gaban kowa a ƙarshen zango. In an kasa daidaitawa, a kai wa shugaban makaranta a rubuce.