Me ya sa alƙaluman sare dajin Amazon suke saɓa wa juna?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na lura cewa faɗin dajin Amazon da hukumar binciken sararin samaniya ta Brazil, wato INPE, take cewa an sare a shekara yakan bambanta da wanda Global Forest Watch, mai sa ido kan dazuzzukan duniya, take fitarwa, alhali dukkansu da hotunan tauraron ɗan Adam suke aiki. Shin wani ne yake ɓoye gaskiya?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa'alaikumus salam. Ba abu ɗaya suke aunawa ba. Tsarin da INPE take auna sare daji da shi, mai suna PRODES, yana ƙirga wurin da aka share tsohon daji ƙarƙaf ne kawai, kuma ba ya sanya filin da bai kai hekta 6.25 ba. Ita kuwa Global Forest Watch, da take dogaro da bayanan Jami'ar Maryland, tana lissafa duk inda bishiyoyi suka ɓace, ko da gobara ce ta cinye su ko gonar katako ce aka girbe, shi ya sa a shekarar gobara tazarar takan yi yawa.

Ɗalibar Muhalli:
Malam, akwai kuma batun lokaci. Shekarar PRODES daga Agusta take farawa zuwa Yuli, ta ɗaya ɓangaren kuwa daga Janairu. Gajimare ma yakan rufe wuri har sai an gano shi daga baya.

Mai Bin Labarai:
Siyasa takan shiga, amma ba kullum hukumar da ke aunawa ce mai rage adadi ba. A 2019 Shugaban Brazil na lokacin, Bolsonaro, ne ya ƙaryata alƙaluman INPE, aka kuma sallami shugabanta, Ricardo Galvão, bayan ya tsaya a kansu.