Tura fayiloli tsakanin sabobi da daddare: abin da muka gani a wurin aiki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini alhakin kwashe kwafin ajiya daga sabar aiki zuwa wata saba kowane dare, kuma ina shirin rubuta umarnin da bash, harshen umarni na Linux, in miƙa wa cron, manhajar da ke kunna ayyuka a lokacin da aka tsara. Ku da kuka daɗe a harkar, me ya fi ba ku wahala?

Mai kula da sabobin Linux: Wa alaikumus salam. Abin da na fi cin karo da shi shi ne rubutun da ke tafiya lafiya idan an kira shi da hannu, amma ya tsaya ba tare da sanarwa ba a hannun cron, domin cron ba ya karanta .bashrc (fayil ɗin saitunan bash), PATH ɗinsa (jerin foldojin da yake neman umarni a ciki) yawanci /usr/bin:/bin ne kawai, kuma babu mai amsa tambayar ssh, manhajar shiga wata saba daga nesa, da ƙarfe biyun dare. Shi ya sa nake rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni, in samar wa aikin makullin ssh nau'in ed25519 nasa shi kaɗai, in sa BatchMode=yes don kada ssh ya zauna jiran kalmar sirri. A ɗaya sabar kuma ina ɗaure makullin da rrsync (mai taƙaita rsync, manhajar kwafe fayiloli) cikin authorized_keys, fayil ɗin makullan da aka yarda su shiga, ta yadda ko an sace shi, folda ɗaya kawai zai iya taɓawa.

Mai kula da ajiyar bayanai: Malam, ka yi hattara da --delete na rsync, mai share duk fayil ɗin da babu shi a wurin da ake kwafowa. A inda nake aiki, an taɓa sake kunna saba, faifan bayanai bai hau ba, foldar ta zama fanko, rsync kuwa ya bi umarni ya share kwafin da ke ɗaya ɓangaren domin su yi daidai. Na kalli foldar ajiya da safe babu fayil ko ɗaya a cikinta, kuma cron bai nuna wani kuskure ba. Tun daga ranar, rubutunmu yakan fara da mountpoint -q don tabbatar faifan ya hau, muka ƙara --max-delete mai iyakance yawan fayilolin da za a share, kuma duk sauyin da aka yi sai an gwada shi da --dry-run, mai nuna abin da zai faru ba tare da taɓa komai ba, tukuna.

Mai rubuta manhaja: Namu ya bambanta. Manhajarmu takan ɗauki fayil tun scp, umarnin kwafe fayil ta ssh, bai gama kawo shi ba, sai ta karanta rabinsa. Da muka koma rsync matsalar ta kau, saboda shi yakan rubuta da sunan wucin gadi, sai ya kammala ya sauya sunan. Na kuma sa flock -n, domin idan turawar jiya ba ta ƙare ba, kada ta yau ta hau kanta.

Mai kula da sabobin Linux: Ƙari ɗaya, ka riƙa duba lambar sakamako da rsync ya mayar bayan ya gama. Lamba 24 tana nufin wasu fayiloli sun ɓace ana cikin kwashewa, wanda sau da yawa nake ƙyalewa, amma 23 na nufin turawar ba ta cika ba, kuma a kanta rubutuna yakan aiko mini da saƙon imel nan take.